Anacha ko Fatakwal: abin da na koya kafin in bar gidan rediyo

Tun da labarin barina aiki ya fita, masu kira suna ta tambaya ko albashi ne. Albashin kam kun san shi, ba sai na ɓata bakina ba. Amma waɗanda muka sha zaman ɗakin haɗa shiri tare sun san tun watan Janairun 2020 zuciyata ta bar gidan nan, gangar jiki ce kawai ta ci gaba da sa hannu a rajista.

A watan ne yaƙin basasa ya cika shekara 50 da ƙarewa, aka ɗora mini jerin shirye-shirye a kansa. Kashi na ƙarshe tambaya ɗaya zai amsa: a wane fage aka karya lagon Biyafara? Na bi 'yan mazan jiya har zaurukansu da rikoda, na karanta abin da hannuna ya kai, amsar da na fito da ita kuwa Fatakwal ce.

Hujjata mai sauƙi ce. Inugu ta faɗi tun farkon Oktoban 1967, ga ta babban birni, amma Ojukwu, shugaban Biyafara, ya tattara ya koma Umuahia aka ci gaba da fafatawa. Abin da ke riƙe da Biyafara shi ne hanyar shigo da makamai da abinci daga waje. Rundunar Kanar Benjamin Adekunle, wanda ake wa laƙabi da Baƙar Kunama (a Kaduna aka haife shi, mahaifiyarsa Bachama, yawancin masu sauraronmu ba su san haka ba), ita ta riƙa toshe bakin teku ƙofa bayan ƙofa: Bonny a Yulin 1967, Kalaba a Oktoba, sannan Fatakwal a Mayun 1968. Da Fatakwal ta tafi, tashar jiragen ruwa ta tafi, filin jirgin sama ya tafi, matatar mai ta Eleme ta tafi. Biyafara ta zama ƙasa marar gaɓar teku, sai wani titin mota da aka faɗaɗa a Uli, inda jirage ke sauka cikin dare. A watannin da suka biyo baya ne hotunan yara masu kumburarren ciki suka cika jaridun Turai. An ƙara fiye da shekara ɗaya da rabi ana yaƙi, har Biyafara ta ƙwato Oweri a Afrilun 1969, amma ƙwato gari bai buɗe mata teku ba. Daga nan har ranar 15 ga Janairun 1970, da Philip Effiong, mataimakin Ojukwu, ya miƙa wuya a Barikin Dodan da ke Legas, yunwa da ƙarancin harsashi ne ke cin ta.

Shugaban sashenmu ya karanta rubutun a tsaye, ya ce shirin ya yi, sai dai a mayar da shi kan Anacha. Wa ya san Fatakwal a nan, in ji shi. Murtala Muhammed da rundunarsa ta ci Anacha namu ne, shi mutane ke son ji, masu ɗaukar nauyin shirin ma shi suke jira.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in muka shiga Anacha dole mu faɗi yadda aka shige ta."

Ga yadda aka shige ta. Runduna ta Biyu, wadda Murtala ya jagoranta, a gurguje aka haɗa ta bayan sojojin Biyafara sun mamaye jihar Tsakiyar Yamma a Agustan 1967 har suka kai Ore. Murtala ya kore su, ya karɓe Binin cikin Satumba, wannan aiki ne na jarumta kuma na ba shi haƙƙinsa a rubutuna. Amma da aka iso bakin kogin Kwara an tarar an karya gadar da ta haɗa Asaba da Anacha. Hedikwata a Legas ta so a zagaya a haye ta Idah, shi kuwa ya zaɓi a haye kai tsaye cikin jiragen ruwa. Sau uku ana gwadawa ana dawowa da asara, sojoji da yawa ruwa ya cinye su. Daga ƙarshe ta Idah ɗin aka bi, Anacha ba ta faɗi ba sai a Maris 1968. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 31 ga watan, aka yi wa jerin gwanon motocin rundunar wajen ɗari kwanton ɓauna a Abagana, wuta ta kama tankar mai, ta bi motocin ta lashe. Akwai kuma Asaba, inda a farkon Oktoban 1967 sojojin tarayya suka harbe ɗaruruwan farar hula, galibi maza da samari. Mu da muke ƙorafin ana ba da labarin juyin mulki da kashe-kashen 1966 gefe ɗaya, ban ga da wace fuska za mu tsallake wannan ba.

Ni ma a gidan da ake rataye hoton Murtala a falo na tashi. Abin da ya yi wa ƙasar nan a watanninsa kan mulki ba ya buƙatar a ara masa nasarar da ba ita ta raba gardama ba.

Shugaban sashen ya ce to, a bar shi yadda yake. Na haɗa shirin, na ajiye a kwamfutar sutudiyo, na tafi gida.

A rediyon mai shayin unguwarmu na ji abin da aka watsa. An cire Asaba, an cire Abagana, tsallaken kogi uku ya koma ɗaya mai nasara, Fatakwal ta zama jimla guda a ƙarshe. Muryar wani dattijo da ya ba ni labarin yadda abokansa suka nutse an yanka ta an liƙa, har ya zama kamar kirari yake yi. Sunana kuma aka kira a matsayin wanda ya shirya ya gabatar.

Da aka buɗe layin waya sai tsofaffin sojoji suka fara kira. Waɗannan mutane ba littafi suka karanta ba, suna wurin. Ɗaya ya ce yana kan hanyar Abagana ranar, ya tambaya ko yaron da ya haɗa shirin nan an haife shi ma a lokacin. Ba a haife ni ba, gaskiyarsa. Dattijon da aka yanka wa murya bai kira ba, kuma daga ranar bai sake ɗaukar wayata ba. Wannan ya fi mini ciwo kan duk abin da ya biyo baya.

A taron ranar Litinin manaja ya tambayi yadda aka yi. Shugaban sashe ya gyara zama ya ce ai yaran yanzu bincikensu a waya yake, shi ma ya yi mamaki. Ina zaune, injiniyan da aka sa ya yi yankan yana zaune, kansa a ƙasa. Ban ga laifinsa ba, yana da iyali kuma takardarsa ta wucin gadi ce. Ni aka ba takardar neman bahasi, aka kuma ɗauke ni daga shirin tarihi aka mayar da ni karanta gaisuwa da sanarwar ɗaurin aure. Na karanta su da kyau, ba wanda ya taɓa kawo ƙorafi.

Ga masu tasowa a gidan, abin da zan bar muku kaɗan ne. Duk shirin da ka gama, ka kwashi kwafinsa a abin da ke aljihunka kafin ka fita, da na yi haka, da na yi gardama ranar Litinin ɗin da murya a hannu, ba da baki ba. In babba ya ce "a bar shi yadda yake" cikin sauri haka, kada ka tafi gida sai an watsa. Umarnin sauya rubutu a nemi a ba ka shi a rubuce, ko da a WhatsApp ne. Ku je wa 'yan mazan jiya yanzu, shekarunsu sun ja, kuma ku bar rikoda a kunne bayan sun ce sun gama, a nan maganar take fitowa. Kada ku yi wa tsoho alkawarin cewa za a sa muryarsa yadda ya faɗa, tunda almakashin ba a hannunku yake ba.

Da zan miƙa makulli, shugaban sashen ya aiko a ce in bar masa rubutun yaƙin basasa, wai za su buƙace shi in shekara 60 ta zagayo. Na sa an fitar masa da wanda aka watsa, kalma da kalma, na bar wa sakatariya.