Wasiƙa daga Maryland: takardar da makarantar gwamnati ke turo wa iyaye lokacin dogon hutu

Assalamu alaikum mutanen Kaduna, na Tudun Wada da Rigasa da Kawo da Unguwan Sarki, har ku na ƙetaren gada Kakuri da Barnawa. Ya damina, ya ruwa, ya kuma haƙuri da tsadar kaya? Allah ya kawo mana sauƙi.

Mu dai nan zafi ake yi ba na wasa ba, irin mai gumi ɗin nan, kuma rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi na dare, yaro ya ci abincin dare amma ya ƙi kwanciya wai ai gari da haske. Yara sun samu hutu tun tsakiyar Yuni ba za su koma ba sai ƙarshen Agusta, wato lokacin da naku ke fama da jarabawar zango na uku namu sun riga sun gaji da zaman gida sun fara cinye mana firij. To a cikin hutun nan ne hukumar makarantun yankinmu take turo wa iyaye wata doguwar takarda ta imel, wani sa'in har da tes a waya cewa ku duba mun turo, kuma a kanta nake so mu ɗan yi hira, don duk shekara in na karanta sai Kaduna ta faɗo min a rai.

Bari in fara da yadda tsarin yake don ku gane wa ke turo takardar. A Amurka ba gwamnatin tarayya ke riƙe da firamare da sakandare ba, kowane yanki da hukumarsa. Jihar Maryland tana da irin waɗannan hukumomi 24, na gundumomi 23 sai na birnin Baltimore, kusan dai yawan ƙananan hukumomin jihar Kaduna kenan tunda mu ma 23 gare mu. Kowace tana da kwamitin ilimi, a yawancinsu jama'a ke zaɓen 'yan kwamitin da ƙuri'a, sannan akwai babban jami'i ɗaya da suke ɗauka aiki ya gudanar da makarantun. Kuɗin daga harajin gunduma yake fitowa musamman na gidaje, da kason jiha, na tarayya ɗan kaɗan ne. Sannan adireshin gidanka shi ke nuna makarantar da ɗanka zai shiga, ba ruwan kowa da ka san wani ko kana da kati daga wani babba. Wannan ɗin yana da nashi aibin, zan zo kanshi.

Abu na farko a takardar kalanda ce ta shekara guda cur. Ranar komawa, ranar da malamai za su fara zuwa kafin yara, ranakun da za a tashi da wuri, ranar ganawar iyaye da malamai, ranar da za a fitar da sakamako, har ranar ƙarshe ta Yunin baɗi duk an rubuta. Dokar jihar ta ce sai an yi kwana 180 ana karatu, saboda haka in ƙanƙara ta zuba a Janairu aka rufe makaranta fiye da yadda aka tanada, sai an rama kwanakin, shi ma an faɗa tun yanzu waɗanne ranaku za a taɓa. Ni bugawa nake a takarda in manna a ƙofar firij, babansu ya zo da biro ya zagaye ranakun da zai nemi hutu a wurin aiki, ƙaramar kuma ta zagaye ranar haihuwarta ta zana fulawa a gefe. Da ita muke lissafin komai, har tikitin jirgi in za mu zo gida.

Sai maganar abinci, wadda ita ta fi taɓa ni. Makaranta ta rufe amma kicin ɗin wasu makarantun bai rufe ba. Akwai shirin ma'aikatar noma ta Amurka da ke ciyar da yara kyauta a dogon hutu, duk yaro ɗan shekara 18 zuwa ƙasa, kuma a wuraren da aka buɗe wa kowa ba cike fom, ba a tambayar ɗan wa ne kai ko nawa babanka ke samu. Takardar tana jero wuraren da lokutan, wani a makaranta wani a laburare wani a filin wasa. Na taɓa raka wata maƙwabciyata sabuwar zuwa, mun samu wata dattijuwa da hular raga a kai tana miƙa wa yara faranti, ɗan kwalin madara, tuffa, karas da burodi mai cuku a ciki, ta kalli yaran da hijabinsu ta ce wannan ba nama a ciki tun kafin mu tambaya. Ba wani abincin a zo a gani ba ne, wallahi tuwon masara da miyar kuka ya fi shi riƙe ciki, amma dai kullum yana nan a kan lokaci. Asalin ciyarwa a makarantunsu tsohon abu ne, tun 1946 Shugaba Truman ya sa hannu a dokar. Daga 2024 kuma aka ƙaro wani tallafi, dala 120 ga kowane yaro na gidajen masu ƙaramin ƙarfi a kan kati, a sayi kayan abinci a hutun, ko da yake ba duk jihohi suka shiga ba.

Kun tuna 2016 da gwamnatin El-Rufai ta fara ciyarwa a firamare? Yara suka yi ta tururuwa har aji ya kasa ɗauka, mutane suna ta dariya wai ana gama rabon abinci sai a neme su a rasa. Ni ban ga abin dariya ba, abin da ya nuna shi ne yunwa na cikin abin da ke hana yaro zama a aji, kuma yunwar ba ta tafiya hutu. Watan Agusta ma a wajenmu shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai iso ba, kwanon masara ya fi tsada.

Sashen rajista shi ma dalla-dalla yake. Yaron da zai cika shekara 5 zuwa 1 ga Satumba shi ke shiga ajin share fage, a zo da takardar haihuwa, katin rigakafi, da shaidar wurin zama kamar takardar haya ko bil ɗin wuta. Ba a hana yaro makaranta don iyayensa ba su da takardar zama a ƙasa, kotun ƙolinsu ta yanke wannan tun 1982. Rigakafi kuwa ba sa wasa da shi, wanda zai shiga aji bakwai sai ya karɓi allurar sanƙarau da wata ta mashaƙo da tarin shiƙa, in babu shaida za a iya mayar da shi gida har sai an kawo, kuma a takardar za a gaya maka asibitin gunduma da ake yi kyauta da ranakun. Duk wanda ya ga abin da mashaƙo ya yi wa yara a Arewa a 2023 ba zai ce wannan takura ba ce.

Sauran kuma ƙananan abubuwa ne amma su ke sa uwa ta yi barci. Lambar bas ɗin makaranta, mai ruwan ɗorawan nan da kuke gani a talabijin, da kwanar da zai tsaya da ƙarfe nawa. Jerin kayan da kowane aji ke buƙata, fensir, gam, littafin rubutu kaza, har kwalin tishu. Tunatarwa cewa akwai mako guda a Agusta da jihar ke yafe harajin kashi 6 a kan tufafi da takalman da ba su wuce dala 100 ba, a yi sayayya lokacin. Ajin hutu ga yaran da suka yi baya a lissafi ko karatu ko masu koyon Turanci. Gasar karatu a laburare, yaro ya karanta littattafai a ba shi ɗan tukuici. A ƙasan takardar kuma an rubuta da harsuna da yawa cewa in ba ka jin Turanci ka kira a haɗa ka da tafinta kyauta.

Kada ku ce yarinya ta je Turai ta ruɗe, akwai abin da takardar ba ta faɗa. Tunda makaranta da adireshi take tafiya, unguwar da makarantarta ta yi suna hayarta ba ta taɓuwa, talaka ba zai iya zama can ba, sai ka ga duk gwamnati ce amma ta wannan unguwa da ta waccan ba a haɗa su. Sannan hutun kanshi wahala ne ga iyaye masu aiki. A Maryland doka ta hana a bar yaron da bai kai shekara 8 ba shi kaɗai a gida ko a mota, wanda zai kula da shi ma sai ya kai 13, wuraren da ake kai yara su wuni kuwa kuɗinsu na mako ɗaya sai ya tayar maka da hawan jini, kuma tun sanyi bai wuce ba gurabe suke cika. Ba kaka, ba goggo, ba maƙwabciyar da za ka ce Maman wane ga su nan zan leƙa kasuwa. Da yawa cikinmu miji ya yi aikin dare mata ta yi na rana, su haɗu a bakin ƙofa. Yaran kuma suna ɗaki da waya a hannu, Hausar ma tana zubewa daga bakinsu muna kallo, sai ranar Asabar da Lahadi mu kwashe su zuwa islamiyya mai nisan tuƙi.

A nan kam ku kuka fi mu. Yaron Kaduna in an yi hutu akwai Panteka ya je ya koyi walda ko ƙira, akwai shagon tela a Kasuwar Barci, akwai gonar kawu a ƙauye, ga allo da asuba ga islamiyya da yamma, duk unguwa ta san shi in ya yi ba daidai ba wani zai ja masa kunne kafin labari ya iso gida. Da za a iya sa wannan a akwati da na taho da shi.

Abin da nake mana kwaɗayi ba gininsu ba ne ko bas ko kwamfutar da suke ba yara, waɗannan kuɗi ne kuma mun san inda aljihunmu ya tsaya. Bayanin nake kwaɗayi. Makaranta ta ɗauka cewa uba da uwa suna da haƙƙin a gaya musu abin da ake ciki tun kafin lokaci ya ƙure. Na kira yayata kwanaki na ce yaushe su Ummi za su koma, ta ce oho, an ce dai cikin Satumba, za mu ji wajen 'ya'yan maƙwabta. Ba ta san ko an ƙara kuɗin PTA ba, ba ta san ko za a canza yunifom ba, ba ta san wa zai koyar da ajin 'yarta ba, kuma mata ce mai bin diddigin karatun 'ya'yanta ba wai sakaci ba. Haka ake shiga makon farko rabin aji ba su zo ba, waɗanda suka zo a ba su tsintsiya da fartanya su yi ta shara da noman ciyawar da damina ta tayar, kowa ya san karatu sai mako na biyu ko na uku, iyaye ma sun saba har suna cewa bari a gama sharar tukun.

Kuma ai ana fitar da kalandar karatu a jiha, matsalar ba ta isa tsakar gida, a allon ofis take tsayawa ko shafin intanet da Turanci. Muna da SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, muna da sakataren ilimi a kowace ƙaramar hukuma, muna da kwamitin kula da makaranta na SBMC da aka ce na al'umma ne. Me zai hana kowane hedimasta ya rubuta shafi ɗaya tak da Hausa, a haɗa da Turanci a unguwannin da ya fi shiga, a ba yaro tare da sakamakonsa ranar hutu? Ranar dawowa, abin da za a biya da abin da doka ta ce kyauta ne don kar wani ya ƙirƙiro nasa, tunda dokar UBE ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. Littattafan da ake buƙata. Ranar da za a karɓi sababbin ɗalibai da abin da za a zo da shi. Ranar da ma'aikatan lafiya za su zo rigakafi. Ajin da rufinsa ya yaye da inda za a zaunar da yara kafin a gyara. Da batun tsaro, wa ke gadi, wa za a kira in an ga abin da ba a gane ba, don tun da aka sace ɗalibai a makarantar Kuriga a Maris 2024 ba uwar da ke tura yaro makaranta hankalinta kwance ɗari bisa ɗari.

Wanda ba ya karatun boko a tura masa da murya ta WhatsApp, minti biyu ya isa, ai saƙon biki da na suna haka suke zagaye gari cikin awa ɗaya. A ba mai unguwa kwafin takardar, a ba liman ya faɗa bayan sallar Juma'a, a ba fasto ranar Lahadi, gidajen rediyonmu su karanta da safe lokacin da mata ke ɗora koko. Kuɗin hoton takardar ko tsofaffin ɗaliban makarantar za su iya biya, mu na waje ma a taɓa mu, wannan kam ba zai gagare mu ba.

Mu iyaye kuma da namu. A nan zaman kwamitin ilimi a buɗe yake, ana nunawa kai tsaye a intanet, uwa za ta yi rajista a ba ta 'yan mintuna ta tsaya gaban manya ta ce bas ɗin unguwarmu yana makara, kuma a rubuta. Mu kuwa a kira taron PTA sai a ga mutum goma sha, sauran su ce ai kuɗi za a nema, daga baya a zauna a majalisa ana zagin malamai. In har za a rubuto mana takarda to sai mun karanta, mun kuma je mun yi tambaya.

In akwai makarantar gwamnati a Kaduna da ta riga ta fara irin wannan, dan Allah malamanta su faɗa mana yadda suke yi da abin da yake ci musu, don na tabbata akwai hedimastocin da ke ƙoƙari ba a jin labarinsu. Ni dai na riga na yi wa yayata magana ta kai shawarar a taronsu na gaba, na ce in an yarda kuɗin bugawar zangon farko a kaina.

A gaishe da kowa da kowa, a ja wa yara kunne kan zuwa bakin kogi yanzu da ruwa ya cika.

'Yar'uwarku daga Maryland