Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Daren da Na Ja Baiti

A makon jiya na tsaya a inda Umma ta sa ni a Islamiyyar dare ta unguwarmu, can gindin Dala. Shekarata 11 a lokacin, ga i'ina mai tsanani da ta sa ko aike ba na so. In aka ce in sayo ƙosai, miƙa kuɗin nake yi in nuna da yatsa.

Malaminmu ɗan Ƙadiriyya ne. Duk daren Juma'a in an tashi karatu, sai ya tsayar da masu so ya koya musu bandiri da bege. Shi ba ya jiran sai ka ƙware kafin ya fita da kai. Sati biyu da fara riƙe bandiri ya tafi da ni walimar suna, ya sa ni a sahun baya. Ranar na sha kunya, don fatar ta saki, ina bugawa tana ba da sauti kamar ana dukan jiƙaƙƙiyar tabarma. Da muka dawo bai yi faɗa ba. Ya sa aka kawo garwashi a kasko, ya kanga fatar daga nesa yana juya ta, yana ƙwanƙwasawa da yatsa har ta ɗaure. Ya nuna mini tsakiya inda amo yake da kauri, da gefe inda yake da kaifi. Ya ce, "Da a ɗaki na faɗa maka, da ka manta." Har yau ban sake ɗaukar bandiri ban taɓa fatarsa ba.

Haka muka yi ta bin walima da saukar karatu, har watan Maulidi ya kama.

Daren 12 ga Rabi'ul Awwal an toshe layinmu da tabarmi, an ɗaure lasifika a jikin falwaya, mata sun cika soraye. Yaron da yake ja mana baiti muryarsa ta dushe tun da yamma. Sai na ga Malam ya miƙo mini abin magana.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ni fa..." Maganar ta maƙale a nan.

Ya ce, "Ɗana, ba magana na ce ka yi ba. Saurari bugun, ka hau shi."

Gwiwoyina suna rawa na buɗe baki. Baitin farko ya fita sumul, ko harafi ɗaya bai sarƙe ba, abin da ban taɓa ji daga bakina ba. A baiti na uku kaina ya ɗauke, na manta komai. 'Yan amshi ba su bar ni ba. Suka maimaita amshin sau biyu, kamar yadda Malam ya hore mu da yi in mai ja ya ɓata, har baitin ya dawo mini. Daga cikin soro na ji guɗa, na kuma gane ta Umma ce.

I'inar ba ta tafi ba, tana nan da ni har yanzu in ina magana. Amma washegari da na je wajen mai ƙosai, na tsaya na faɗi na nawa nake so da bakina, ta jira har na gama.

Bayan mako guda, ranar Takutaha, wato bikin sunan Annabi da ake yi a Kano, ni na ja wa ayarinmu baiti har muka hau Dala. A saman dutsen ne Malam ya ce in shirya, za mu je Maukibi, babban taron 'yan Ƙadiriyya na shekara-shekara, a unguwar Kabara cikin watan Rabi'us Sani. Abin da Baba ya ce da ya ji wannan magana, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.