Mako na 11 a koyon lissafin gashin sankara da haske (radiotherapy): jimlar da na ɓata, da labarin ragon Faransa

'Yan uwa masu wannan karatu, barkanmu da war haka. Makon jiya kun ji ni shiru, rashin wuta da zafin Katsina ne suka haɗu suka kwantar mini da kwamfuta kwana uku, na koma takarda da kalkuleta. Ashe gobarar Titi ce, don a takardar na kama wani kuskure da na yi wata guda ina yawo da shi.

Na ɗauki tsarin da aka saba yi wa mai sankarar bakin mahaifa: gashi daga waje Gy 45 (Gy shi ne ma'aunin yawan hasken da nama ya sha) a zama 25, wato 1.8 kowace rana, sai gashin ciki, wanda ake kai tushen hasken har bakin mahaifar, Gy 7 sau 4. Ni kuwa na haɗa 45 da 28 na rubuta 73, kamar mai awon gero. Na yi ta mamakin me ya sa ake neman kusan 85 a kan ƙarin alhali tsarin bai kai nan ba. Abin da ya shige mini duhu shi ne, Gy ɗin da aka zuba a babban kaso ɗaya ya fi wanda aka gutsuttsura cizo. Dole sai an mayar da kowanne ma'auni ɗaya, kamar a ce duka an bayar da su Gy 2 a zama, sannan a tara. Wannan shi ne EQD2: a tara kason zama ɗaya da α/β (lambar da ke nuna yadda girman kaso ke shafar kowane irin nama), a ninka da jimla, sannan a raba da abin da 2 da α/β suka bayar in an tara su. Da na sa α/β 10, wanda ake ɗauka wa yawancin ƙari, 45 ta koma 44.3, ita kuwa 28 ta yi tsalle zuwa 39.7. Jimla 84. Ga 85 ɗin da nake nema, tana gabana tun farko.

Ku gwada da α/β 3, na naman da illarsa ba ta fitowa sai bayan watanni ko shekaru, irin dubura da mafitsara. Da a ce sun sha Gy 7 ɗin cif, 28 za ta zama 56. A nan na gane dalilin da masu tsara gashi suke tsayawa kan ko milimita nawa ne tsakanin tushen da dubura.

Da daddare na je gaida Kawu, wanda ke kiwon raguna yana kai su kasuwar Mai'adua. Ya ce, "Kai ɗan nan, wai karatun naka bai ƙare ba?" Sai na ba shi labarin Claudius Regaud, likitan Faransa da ya yi gwaji a kan raguna wajen shekarun 1920. Ya so ya kashe wa rago ƙwayar haihuwa da haske. In ya zuba shi gaba ɗaya, sai fatar marainan ta ƙone kafin buƙata ta biya. Da ya rarraba shi kaɗan-kaɗan cikin kwanaki, ragon ya daina haihuwa, fata kuma ta tsira. Ya ɗauki maraina a matsayin ƙari saboda ƙwayoyinsu na saurin rabuwa, fata kuma a matsayin lafiyayyen nama. Kawu ya gama saurara ya ce, "To su can dandaƙa ce ba su iya ba?" Na yi dariya har da hawaye. Amma zuwa gashi kullum, Litinin zuwa Juma'a har mako biyar ko bakwai, daga wannan ragon ya samo tushe.

Dalilan rarrabawar guda huɗu ne, kamar yadda Rodney Withers, masanin tasirin haske a kan ƙwayoyin jiki, ya jera su a 1975. Lafiyayyen nama yana gyara ɓarnar da aka yi masa tsakanin zama da zama. Ƙwayoyin ƙarin da suke matakin taurin kai yau, gobe sun shiga matakin da haske ke kama su. Na can tsakiya da ba sa samun oksijin, waɗanda sai an ninka musu haske kusan sau uku kafin su mutu, suna fara samun iskar idan na gefe sun mutu. Na huɗun kuwa ba taimakonmu yake ba: ƙarin yana sake haihuwa, kuma bayan mako uku zuwa huɗu da fara gashi yakan ƙara sauri. A sankarar kai da wuya an ƙiyasta kusan Gy 0.6 na kowace rana yana tafiya ne wajen biyan wannan sabuwar haihuwa. A ta bakin mahaifa ana so a gama komai, waje da ciki, cikin mako takwas.

Wannan na huɗun ya fi tsaya mini a rai, don a wurinmu aka fi fashin kwanaki. Kuɗin mota daga Jibiya ko Daura ya ƙare, Sallah ta zo an tafi gida, na'ura ta tsaya, ko fata ta fara ja dangi sun ce a huta a gwada na gargajiya. A ganina duk mai koyon wannan fanni a Arewa ya fara ƙwarewa a lissafin cike giɓin kwanakin da aka yi fashi kafin ya ɗokanta da sababbin na'urori. Ana iya yin zama ranar Asabar, ko zama biyu a rana ɗaya da tazarar aƙalla awa 6. Ƙara girman kaso shi ne zaɓin ƙarshe, don lissafin α/β 3 na sama ya nuna lafiyayyen nama ne zai biya kuɗin.

Zanen iyakar wurin da za a gasa kuwa har yanzu rarrafe nake. Na sauke manhajar 3D Slicer, kyauta ce, ina zana GTV (ƙarin da ake gani), CTV (shi da kewayen da ake zaton cutar ta kutsa) da PTV (ƙarin fili don motsi da kuskuren saiti) a kan hoton gwaji. Lakka da mafitsara ba su ba ni wuya, amma hanji yana rikita ni, kowane yanki na hoton da kamarsa.

Aikin mako mai zuwa: mai sankarar maƙogwaro, Gy 70 a zama 35, ya yi fashin kwana biyar a mako na biyar. Kowa ya lissafa nasa a takarda, ya nuna α/β ɗin da ya ɗauka, mu gwada amsoshi ranar Asabar bayan la'asar in Allah ya kai mu.