Hoton marinar Ƙofar Mata: ga inda aikin ya kai

'Yan uwa masu koyon zane, ga bayanin aikin zangon nan. An ce kowa ya zaɓi wurin da ake wata sana'a ya yi hotonsa da fenti, kuma abin da malam zai duba shi ne tsari: me aka ajiye a ina, me aka bari a waje, ina kuma idon mai kallo zai fara sauka. Ni na ɗauki marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Ƙyallen da na ɗaura santimita 60 ne a kwance, 45 a tsaye, fentin kuma akirilik, wato irin wanda ake sirkawa da ruwa, mai saurin bushewa.

Duk wanda ya taɓa shiga karofin ya san wahalar tsara shi. Ramuka ne birjik, bakinsu kusan ɗaya, ga kwandunan da ake kife su da su, ga zannuwa a shanye, ga mutane suna kai da kawowa. Idan aka kwashe wannan duka aka zuba a ƙyalle yadda yake, ido zai yi ta yawo daga rami zuwa rami bai sami masauki ba. Shi ya sa ban taɓa burushi ba sai da na huda 'yar taga a jikin kwali, mai awo irin na ƙyallen, na riƙa leƙa wurin ta ciki ina matsowa ina ja da baya. Tagar nan ita ce ta tilasta mini zaɓi. A ƙarshe na tsaya a kan marini guda, dattijo, yana zaune bakin raminsa ya ɗago zane daga cikin baba. Sauran ramukan suka zama masu yi masa rakiya.

Daga nan sai maganar inda zai zauna. Kun san ƙa'idar kashi uku: a raba filin gida uku a tsaye, uku a kwance, layukan su haɗu a wuri huɗu, a ɗora abin da ya fi muhimmanci kusa da ɗaya daga ciki. Wani Bature ɗan Ingila, John Thomas Smith, shi ya fara rubuta ta da wannan suna a 1797, yana magana a kan zanen karkara. A nawa ƙyallen layukan sun faɗo a santimita 20 da 40 ta kwance, 15 da 30 ta tsaye. Na ajiye hannuwan dattijon a mahaɗar ƙasa ta hagu, fuskarsa na kallon dama, don filin da ke gabansa ya fi wanda ke bayansa yawa. Wannan kauce wa tsakiya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ku dubi aska takwas a babbar riga: aikin ya taru a gefe guda wajen aljihu, ɗaya gefen ya samu kaɗan, amma ba wanda zai ce rigar ta karkace.

Sai dai ni a ganina an fi ba ƙa'idar nan girman da ya wuce nata. Za ka iya ɗora mutum daidai a mahaɗa, ido kuma ya ƙi zuwa wurinsa, domin ido yana bin inda haske da duhu suka fi gogayya ne. A nan na fi daɗewa, kuma nan nake so ku ma ku daɗe. Na yanka takardu ƙanana da ba su wuce tafin hannu ba, na riƙa tsara hoton da gawayi a mataki uku kawai: fari, toka-toka, baƙi. Babu fuska, babu yatsu, sai dunƙule-dunƙulen duhu da haske. A cikin 'yan mintuna za ka ga ko tsari ya tsaya ko bai tsaya ba, kafin ka kashe fenti mai tsada. Wanda na zaɓa shi ne wanda bakin ramin dattijon ya zama mafi duhu a hoton gaba ɗaya, farar rigarsa kuma mafi haske, su biyun suna jingine da juna. Duk wani fari da ke nesa, har farar katangar baya, na sauke shi zuwa toka-toka. Abin yana da ciwo, don katangar a zahiri tana ƙyalli da rana, amma idan na bar ta haka za ta sace masa kallo.

Bakin ramukan ma ya koya mini abu. Da'ira ce, amma daga inda mutum yake tsaye ba ya ganinta a da'ira. Na kusa yana buɗe, na nesa yana ƙara matsewa har ya kusa zama layi. Wannan matsewar kaɗai ta ba hoton zurfi, ba tare da na ja layukan gini ba. Na bar wasu ramukan sun fita ta gefen ƙyalle, rabi ciki rabi waje, don mai kallo ya ji cewa karofin ya ci gaba. Kwandunan nan masu tsini kuwa sun yi mini rana, sun katse yawan zagaye-zagayen. Guda na sa a gaba ta dama, babba, biyu ƙanana can baya. Igiyar shanya kuma na karkato ta daga saman dama tana gangarowa wajen dattijon.

Abu ɗaya da za ku kula da shi: kada gefen abu biyu ya taɓa juna daidai wa daida. Idan saman hula ya zauna cif a kan layin katanga, nisan da ke tsakaninsu ya ɓace. Ko dai hular ta haye layin sosai, ko ta tsaya ƙasa da shi.

Launi bai ba ni wahala sosai ba, tunda wurin shuɗi ne da ruwan ƙasa. Waɗannan biyun idan aka gauraya su suna ba da duhu mai rai da ya fi baƙin fentin da ake sayowa a kwalba kyau, da shi na cika ramin. Abin da na fi so shi ne zanen da ke hannun dattijon. Masu rini sun san cewa zane yana fitowa daga baba da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi. Don haka ƙasan zanen, inda yake ɗiga, na ba shi kore, sama kuma shuɗi. Hularsa na yi ta ruwan goro, don shi ne launin da ya fi tashi a kusa da shuɗi, kuma ban sake sa shi da ƙarfi a ko'ina ba. Ku tuna akirilik yana ƙara duhu idan ya bushe, a hunturun nan kuma kafin ka juya ya ƙame a faranti, sai ana yayyafa masa ruwa.

Yanzu shimfiɗar farko ta gama bushewa. Na ɗauki hotonta da waya na mayar da shi fari da baƙi, na kuma duba ta a madubi, matakan nan uku suna nan yadda na tsara su a takarda. Kwandon gaba ne kawai ya ɗan yi haske fiye da kima, zan rage shi. Abin da ya saura shi ne hannuwan dattijon da fuskarsa, inda zan kaifafa gefuna, mutanen baya kuma in bar su dishi-dishi. Wanda yake aiki da wuri mai maimaituwar siffa ɗaya, kamar rumfunan kasuwa ko jerin tukwane, ya gwada takardun gawayin nan kafin haɗuwarmu ta gaba, mu jera su a ƙasa mu duba tare.