Ƙarshen mahaɗi: wuri ɗaya a ido, biyu a ƙarƙashi

Duk wanda ya yi aikin gina manhajar rubutu mai gudana a cikin burauza ya san wannan ƙorafi. Mai rubutu ya ɗora mahaɗi (link, wanda in an danna yake kai mutum wani adireshi) a kan kalma, ya lura harafin ƙarshe ya faɗi, ya kai 'yar sandar nan mai ƙiftawa ƙarshen kalmar ya buga harafin. Sai harafin ya fito baƙi a waje, mahaɗin yana nan shuɗi da guntuwar kalmarsa. Wani kuma akasin haka ke damunsa: ya gama da mahaɗi, yana so ya ci gaba da jimlarsa, amma duk abin da ya buga sai ya koma shuɗi da layi a ƙasa, har aya. Kowannensu yana da gaskiya, shi ya sa lamarin ke da wuyar sha'ani.

Abin da aikin ya fara koya mini shi ne burauza ba ta ƙirga haruffa daga farkon shafi don ta san inda sandar take. Shafin HTML reshe-reshe ne, sai ta riƙe abu biyu: wane reshe ake ciki, da kuma wuri na nawa a cikinsa. To a ƙarshen mahaɗi akwai gurbi kafin alamar HTML da ke rufe mahaɗin, akwai wani bayanta, kuma a kan allo ba tazarar ko ɗigo ɗaya tsakaninsu. Kamar mai tsayuwa a dokin ƙofa ne, ba ka ce yana ɗaki ba, ba ka ce yana waje ba. Ido yana ganin wuri ɗaya, na'ura tana da biyu, dole wani ya zaɓa.

Tushen rikicin tsoho ne. Microsoft ce ta shigo da contenteditable, tsarin da ke ba da damar yin rubutu kai tsaye a cikin shafi, a Internet Explorer 5.5 a shekarar 2000, sauran burauzoji suka kwaikwaya, kowace da fahimtarta, ba tare da wata ƙa'ida da ta fayyace abin da zai faru in an buga harafi a bakin mahaɗi ba. Chrome, alal misali, tana tura sabon harafin waje. Kai ka umarci sandar ta zauna ciki, burauza ta gyara mata zama yadda ta ga dama.

Dabarar da kusan kowa ke fara kamawa ita ce cusa harafi marar faɗi, irin U+200B ko U+FEFF, domin sandar ta sami abin dafawa. Tana aiki, amma da tsada. Mai rubutu zai danna maɓallin gogewa ya ga ba abin da ya motsa, alhali harafin ɓoye ne ya tafi. In ba a share shi kafin ajiyewa ba, ya bi rubutun har rumbun bayanai: a nemi kalma a rasa ta ga ta kuwa a shafi, ko a kwafi adireshi ya ƙi buɗewa. Ina ganin wanda zai yi wannan dabara sai ya fara rubuta hanyar sharewa kafin ta cusawa.

Manhajojin rubutun da suka fi burge ni su ne waɗanda suka daina ɓoye gurabun biyu. TinyMCE, tun siga ta 4.6 a 2017, tana haska bayan mahaɗin da launi muddin sandar tana ciki. CKEditor 5 ta sa fita ta zama taku biyu: ka danna kibiyar dama, sandar ba ta gusa ba amma hasken ya ɗauke, ka san yanzu kana waje. ProseMirror ta bi wata hanya, ta riƙe nata tsarin rubutun daban da na burauza, mahaɗi ya zama shaida ce kawai a kan haruffa, mai gina manhaja kuma ya faɗa da kansa ko shaidar za ta bi sabon harafi a ƙarshe ko ba za ta bi ba. Wannan ne ya sauya yadda nake aiki. Yanzu kafin in taɓa kod sai mun zauna mun rubuta amsa: in an buga a farkon mahaɗi, ina harafin zai je? A ƙarshe fa? In mahaɗi ne abu na ƙarshe a sakin layi, ta ina za a fita? In an goge kalmar duka, adireshin ya tafi ko ya jira sabon rubutu? Wannan ta ƙarshen ba ƙarama ba ce, don sau da yawa mahaɗi fanko ne ke saura a shafi, ido bai gan shi ba.

Waya kuma nata babin daban. Yawancin madannan waya ba su da kibiya, ga shi a Android sukan aiko da lamba 229 maimakon su faɗi maɓallin da aka danna, domin kalmar tana kan haɗuwa. In manhajarka ta sauya rubutun a wannan lokaci, sai kalma ta ninku ko sandar ta yi tsalle. A nan taku biyu ba shi da amfani. Abin da ya fisshe mu ƙaramin akwati ne da ke buɗewa in an taɓa mahaɗi, da gurbi ɗaya na kalmomin, ɗaya na adireshin, sai maɓallin cire mahaɗin gaba ɗaya.