Daga dandamali zuwa gaban kyamara: inda muka kai a nazarin aikin Laurence Olivier

'Yan uwa masu koyon wasan kwaikwayo, barkanmu da war haka. Aikin numfashi da murya ya fara zama, aikin siffa da tafiya yana tsakiya, yanzu kuma mun shiga ɓangaren da ya fi ba da wuya, wato rage wasan dandamali har ya dace da kyamara. Wanda muke bin sawun aikinsa shi ne Laurence Olivier, ɗan wasan Ingila da aka haifa a garin Dorking a 1907, ya rasu a 1989. Ba don ya fi kowa muka zaɓe shi ba. Dalilinmu shi ne hanyarsa ana iya koyonta da ido da kunne: yakan gina mutumin da zai fito a matsayinsa tun daga waje, ya nemo masa hanci da murya da irin takunsa, sannan halin ya biyo baya. Ga kuma finafinansa nan, kana iya tsayarwa ka koma baya ka sake duba yadda ya yi.

Ɗan limamin coci ne. A 1924 ya shiga makarantar koyon furuci da wasan kwaikwayo ta Elsie Fogerty a Landan, a 1926 kuma ya koma ƙungiyar wasa ta Birmingham, inda ya yi ta fitowa a ƙanana da manyan matsayi, yau tsoho gobe saurayi. Mai gaggawar zama jarumi ya lura da wannan.

Mu fara da murya, tunda duk sauran a kanta suke tsaye. A 1935 Olivier da John Gielgud sun fito tare a Romeo and Juliet, Olivier a matsayin Romeo, Gielgud a matsayin Mercutio, daga baya suka yi musaya. Masu sharhi sun yaba wa Olivier zafin jiki da kuzari, amma sun soki yadda yake furta baitocin Shakespeare, domin yana sassara su kamar maganar yau da kullum, alhali Gielgud yana bin karinsu. Wannan ita ce matsalar da kusan duk sabon ɗan wasa ke faɗawa: ko ya rera har ma'ana ta ɓace, ko ya bi ma'ana har kari ya karye. Layin Shakespeare gaɓa 10 ne, biyar daga ciki masu nauyi. Mu da muke atisaye da Hausa, rubutacciyar waƙa muke ɗauka, baiti huɗu kacal. Karatun farko a bi kari zalla, ana buga yatsa a cinya. Na biyu a manta da kari, a faɗa wa abokin aiki maganar kamar ana son ya yarda. Na uku a haɗa su, da sharaɗi ɗaya: ba a shan numfashi a tsakiyar ɗango sai inda ma'ana ta tsaya.

Shi numfashin, a kwance ake fara koyonsa. Kwanta rigingine, ɗora littafi a kan cibiya, shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu. Littafin ne zai tashi, ba ƙirji ba. Fitar da iskar da sautin "sss" siriri, mara yankewa, na daƙiƙa 15. Minti 10 a rana ya isa, kuma a hankali za a kai daƙiƙa 25 zuwa 30. Idan kafaɗu suna ɗagawa, iskar a saman huhu ta tsaya, ita ce kuma ke ƙarewa kafin jimla ta ƙare, shi ya sa kalmar ƙarshe take nutsewa. Wanda ya ji jiri ya tsaya, ya yi yawan shaƙa ne. Bayan an iya a kwance sai a tashi tsaye, tafin hannu biyu a kan haƙarƙarin ƙasa, a ji suna buɗewa gefe da gefe.

Gwajin da ya fi nuna gaskiya shi ne na nisa. Abokin aiki ya tsaya a mita 5, sannan 10, sannan 20, yana rubuta abin da ya ji, ba abin da ya san za ka faɗa ba, don haka kada ya ga takardar tukuna. Abin da ke faruwa a mita 20 kusan iri ɗaya ne ga kowa: mutum ya koma ihu, ihu kuma yana daidaita karin sautin Hausa, ya gajarta dogayen wasula, ƙ da ts da ɗ su narke. Maganin ba ƙarin ƙarfi ba ne. A buɗe muƙamuƙi, a ba dogon wasali haƙƙinsa, a ciji baƙaƙe, a rage sauri kaɗan.

Kafin Othello na 1964, wasan Shakespeare da jaruminsa baƙar fata ne, a gidan wasa na ƙasa na Birtaniya wanda shi ne shugabansa na farko tun 1963, Olivier ya daɗe yana horar da muryarsa ta yi ƙasa, yana kuma ɗaga ƙarfe don jikinsa ya cika. Masu koyo suna jin wannan sai su danne maƙogwaro su yi ta gurnani, kwana biyu murya ta dishe. Ana faɗaɗa murya ne da guna, baki a rufe, "mmm" daga sautin da ya fi maka daɗi, ana sauka mataki-mataki har inda sautin ya fara karkarwa, a tsaya nan. Hannu a ƙirji, a ji yana rawa. Ciwo ko ƙaiƙayi a maƙoshi alama ce ta a daina a ranar, a sha ruwa, kada kuma a koma raɗa, domin raɗa ma tana wahalar da murya. Haka batun ƙara. Har yau ana ambaton kururuwar da ya yi a Oedipus a 1945, kuma a wannan daren dai yakan sake shiga ya fito a matsayin Mista Puff a wasan barkwanci na The Critic. Wanda zai yi haka dare bayan dare ba daga maƙogwaro yake ƙara ba. Iska daga ciki take tahowa, maƙoshi a buɗe kamar mai hamma, sautin ya fara da "h" mai laushi kafin wasali ya fito.

Sai siffa. Richard III da ya yi a 1944 tare da ƙungiyar Old Vic, ya kuma mayar fim a 1955, shi ne darasinmu: dogon hanci, baƙin gashi har kafaɗa, doro, ɗingishi, da siririyar murya mai yanka. Hancin da danƙon kwalliya ake yin sa. Ga yadda aikin yake tafiya:

A wanke karan hanci a busar, maiƙo ko kaɗan ba ya barin abu ya kama. A shafa gam ɗin da aka yi don fata, a ɗan taɓa shi da yatsa har ya yi yauƙi, a manna 'yan zaruruwan auduga a kai don danƙon ya sami abin riƙewa. A gutsuri danƙo kamar ƙwayar gyaɗa ɗaya ko biyu, a murza shi ya yi laushi, a ɗora a kan ƙashin hanci kawai. Ɓangaren da ke motsi idan ana magana ba ya riƙe danƙo, tsagewa yake yi. Da ɗan man shafawa a yatsa ake lallaɓa gefuna har su ɓace cikin fata. A duba ta gefe da madubi biyu, domin ta gaba kowane hanci daidai yake. Sannan launi, sannan hoda. Abin da ke ɓata shi guda uku ne: yawan danƙo, gefe mai kauri da fitila ke tonawa, da zafi. A irin zafinmu na bazara gumi yana shiga ƙarƙashinsa ya ɗaga shi, don haka a yi shi ƙarami, a sa shi dab da fitowa. A gwada gam ɗin a damtse kwana ɗaya kafin a kai shi fuska, kuma kada kowa ya kuskura ya sa gam ɗin gyaran takalmi ko na roba a fatarsa. Wajen cirewa, zare ake ja daga sama zuwa ƙasa a ƙarƙashin danƙon, sai a goge saura da mai.

Ɗingishi kuma ba a ƙirƙirarsa da ka, mantawa ake yi da ƙafar da ke ciwo da zarar fitowa ta yi zafi. A sa ɗan tudu na santimita ɗaya zuwa biyu a cikin takalmi ɗaya, jiki da kansa zai karkata. Doron soso ne a ɗinke cikin 'yar shara, a gefe ɗaya, ba a tsakiya ba. Kada a wuce minti 20 a haka a farkon koyo, a kuma miƙe baya bayan an gama.

Akwai abin da ba ma ɗauka daga gare shi, kuma gara a faɗe shi a fili. A Othello ya shafe jikinsa da baƙin launi, ya ari wata tafiya da wani lafazi da yake ganin na baƙar fata ne. Mu da muke kallo daga nan, abin ba ya kama da kowa da muka sani, kuma yana da ciwo. Nan ne iyakar gini daga waje: idan abin da ka kwaikwaya zato ne ba mutum ba, ƙwarewa ba ta gyara shi. Gidan wasan da ya shugabanta sai a 1997 baƙar fata ya fito a wannan matsayi, wato David Harewood. Chiwetel Ejiofor, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya yi Othello a Landan a 2007, ya kuma ci lambar yabon da ke ɗauke da sunan Olivier a kansa. Don haka ƙa'idarmu a aikin siffa ita ce a kalli mutum na gaske, a kasuwa ko a tasha, a ɗauki abu ɗaya tak daga gare shi.

Yanzu kyamara. Olivier da farko raina fim yake yi, kuma shi da kansa ya ce darakta William Wyler ne ya koya masa mutunta shi lokacin ɗaukar Wuthering Heights na 1939, inda ya yi ta sa shi maimaitawa har ya zubar da manyan motsin dandamali. Abin da ya koya ya bayyana a finafinai uku da ya ba da umarni da kansa, kowanne da dabararsa. A Henry V na 1944, wajen jawabin zaburar da mayaƙa, maimakon kyamara ta matso yayin da murya ke hawa, sai ta ja baya, fili ya buɗe, muryar ta sami wurin zama. A Hamlet na 1948, wanda ya ci Oscar na fim mafi kyau da na jarumi, wasu sassan zancen zuci ana jin muryarsa ne leɓe bai motsa ba. A Richard III kuwa kyamarar yake kallo kai tsaye, yana mayar da mai kallo abokin sirrinsa. Sai a kwatanta da fim ɗin Othello na 1965, wanda kusan wasan dandamalin aka ɗauka yadda yake: ido da hannu da murya duk an auna su don kujerar ƙarshe, kyamara kuwa tana nan dab da fuska.

Atisayen da muke kai yanzu ke nan. Waya a kan mariƙi mai ƙafa uku ko a jingine, daidai tsayin ido. Magana ɗaya ta minti ɗaya, a ɗauke ta sau uku: jiki duka daga mita 4, daga ƙugu zuwa sama, sannan fuska kaɗai. A ɗaukar nesa hannu da taku suna aiki. A ta tsakiya a rage motsin hannu da rabi, a bar shi ƙasa da kafaɗa. A ta kusa murya ta sauko daidai wanda ke zaune kusa da kai, abokin wasa ya tsaya dab da gefen kyamara, ka zaɓi idonsa ɗaya, wanda ya fi kusa da ita, ka tsaya a kai. Sai a kalli ɗaukar ba sauti. Abin da ke fitowa: gira tana hawa da sauka a kan kowace kalma, kai yana gyaɗawa, ido yana yawan ƙiftawa, jiki yana lilo har fuska ta fita daga tsakiya. Dukkansu daga wuri ɗaya suke, ƙarfin da aka saba turawa zuwa bayan zaure ya rasa inda za shi. A dasa ƙafafu biyu, a sake numfashin ciki kafin a fara, a bar tunanin jimla ya zo kafin baki ya buɗe. Amma a kula da kishiyarsa, wanda shi ma muna gani: a rage har fuska ta mutu, murya ta koma ƙunƙuni. Girma ake ragewa, niyya tana nan yadda take.

Wani abu da dandamali ba ya koyarwa shi ne maimaita motsi daidai. Idan ka ɗaga kofi a kan wata kalma a ɗaukar nesa, dole a kan ita za ka ɗaga shi a ta kusa, da wannan hannun dai, in ba haka ba mai tacewa ba zai iya haɗa su ba. A rubuta motsin a gefen takarda da fensir.

Ga masu fama da fargabar fitowa gaban jama'a: Olivier kansa ta kama shi a tsakiyar shekarun 1960, yana kan ganiyarsa, ta kuma bi shi shekaru, har yakan roƙi abokan wasa kada su kalle shi cikin ido. Bai daina fitowa a dandamali ba sai a 1974, kuma bayan haka ya ci gaba da fim da talabijin, ciki har da King Lear na 1983. Abin da ke taimakawa a aikace shi ne haddar da ta wuce iyawa, wato a iya faɗin layuka ana ninke kaya ko ana tafiya da sauri, da fitar da numfashi a hankali ya fi shaƙa tsawo, da sanin jimlar farko da motsin farko sarai.

Mataki na gaba shi ne fitowar mutum biyu a ɗaukar kusa, inda za a sa kyamara a kan mai saurare, ba mai magana ba. Kowa ya zo da haddar shafi ɗaya, da riga mara zane-zane, domin ƙananan layuka suna rawa a kyamarar waya.