Manhajar da za ta tashi a kan tsohon GTK

Ƙaramin kamfani mai rubuta manhajar Linux ba shi ke zaɓa wa kwastoma kwamfuta ba. Wata masana'anta tana iya riƙe tsarin Linux na Ubuntu 16.04 shekara da shekaru, da GTK 3.18 a ciki (GTK shi ne kayan aikin da ake gina tagogi da maɓallan manhaja da shi), alhali masu rubuta kod ɗinmu suna aiki a kan 3.24. Rabin wahalar sana'ar nan a wannan tazarar take.

Kafin a rubuta layi ɗaya, a yanke mafi tsufan sigar GTK da za a ɗauki nauyinta, a sa ta cikin yarjejeniya. Sannan a saita GDK_VERSION_MIN_REQUIRED da GDK_VERSION_MAX_ALLOWED, waɗanda ke faɗa wa mai harhaɗa kod iyakar sigar da aka yarda da ita, su tsaya a GDK_VERSION_3_18. Da an yi haka, duk wanda ya kira sabon umarni kamar gtk_menu_popup_at_pointer, wanda sai a 3.22 ya shigo, zai ga gargaɗi tun wajen harhaɗa kod. In ba a yi ba, kwastoma ne zai gano. Wani lokaci manhajar ta ƙi buɗewa, wani lokaci kuma ta buɗe lafiya lau, sai an danna maɓallin dama na linzami ta mutu nan take, domin sai a lokacin take neman umarnin da babu shi.

Akwai abin da ke rikita sababbin hannu: GTK_CHECK_VERSION da manyan haruffa yana duba sigar da aka harhaɗa da ita ne, gtk_check_version da ƙananan haruffa kuma yana duba wadda ke kan kwamfutar kwastoma. Duk irin waɗannan sharuɗɗa mukan tara su a fayil guda. Idan suka warwatsu, ranar da za a yi watsi da tsohuwar siga ba mai iya tsince su.

Inda aka fi shan kashi shi ne fayilolin CSS (masu tsara launi da kamanni) da na .ui (masu bayyana tsarin taga), don mai harhaɗa kod ba ya leƙa su ko kaɗan. A 3.20 aka sauya yadda ake kiran sassan taga: abin da a da ake rubutawa GtkButton ya koma button. Tsohon salo ba zai kashe manhaja ba, launi da tazara ne kawai za su ɓace shiru. Maganinsa fayilolin CSS biyu, na tsohon salo da na sabo, a zaɓi ɗaya da gtk_get_minor_version yayin tashi. Fayil ɗin .ui ya fi tsanani, domin sifa ɗaya da tsohon GtkBuilder, mai karanta fayil ɗin, bai sani ba tana iya hana taga fitowa.

Harhaɗawar ƙarshe a yi ta a kan mafi tsufan tsarin, ko da cikin Docker ne (manhajar da ke ba da damar tafiyar da tsohon tsari a cikin sabuwar kwamfuta), saboda abin da aka haɗa da sabon glibc, wato ginshiƙin kod da manhajojin Linux ke dogara da shi, sau da yawa ba ya tashi a kan tsoho.

GTK 4, da ya fito a Disamba 2020, wani zance ne daban. An cire gtk_container_add da gtk_dialog_run, don haka faci ba zai wadatar ba. Reshen kod na dabam muke buɗe masa, mu kuma lissafa shi a matsayin sabon aiki.